Tallafin Karatu a Lafia: Sakamakon Aji Ɗaya Ke Yanke Hukunci

Da yawa daga cikin ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke aiki a Abuja, musamman mazauna Mararaba da Masaka da Ado da sauran garuruwan da ke bakin iyakar Jihar Nasarawa, suna da ɗa ko ƙane da ke karatu a Lafia. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin awa uku ce a mota idan aka bi ta Keffi da Akwanga, amma ɗawainiyar tana da nauyi. Akwai kuɗin rajista a farkon shekara, akwai kuɗin haya, sannan ga kiran waya na ƙarshen wata cewa garin kwaki ya ƙare. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara tsada, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 da aka yi a 2024 bai cike giɓin ba.

Duk da haka, yawancin iyaye suna daina maganar tallafin karatu ne daga ranar da yaro ya samu gurbi. A ganinsu abu ne da ake nema kafin shiga makaranta, ko kuma rabon 'ya'yan masu uwa a gindin murhu. Gaskiyar lamarin ita ce, manyan hanyoyin tallafi da ake da su a Najeriya an tsara su ne domin ɗalibin da ya riga ya shiga, kuma akasarinsu ba sa sauraron kowa sai wanda ya kai aji biyu. Abin da ake dubawa a lokacin shi ne sakamakon aji ɗaya, wato shekarar da ɗalibi da iyayensa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Lafia ta zama babban birnin jiha ne a ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Nasarawa daga Jihar Filato. Daga nan zuwa yau ta zama garin ɗalibai. Akwai Jami'ar Tarayya ta Lafia, ɗaya daga cikin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Makurdi, kuma ɗalibanta da yawa ke haya a unguwar Gandu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai na Ɗaya, mai ɗauke da sunan Sarkin Lafia da ya rasu a 2019. Akwai Kwalejin Aikin Gona, akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, sannan Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi tana da tsangayar aikin gona a Shabu, a gefen garin. Dukkansu na gwamnati ne, kuma wannan yana da amfani ga ɗalibansu, domin tallafin gwamnatin tarayya na ɗaliban makarantun gwamnati ne, haka ma na kamfanoni da dama.

Lissafin da ba a yi wa sabon ɗalibi

A yawancin jami'o'in Najeriya ana auna ƙwazo ne da ma'auni mai hawa biyar. Wanda ya ci maki 70 zuwa sama a kwas ya samu A, wato biyar. Daga 60 zuwa 69 B ne, huɗu ke nan. Daga 50 zuwa 59 C ne, uku. Haka abin ke sauka har zuwa sifili ga wanda ya faɗi. Ana ninka wannan da nauyin kowane kwas, a tara, a raba, abin da ya fito shi ne matsakaicin makin da ɗalibai ke kira CGPA. Yana bin ɗalibi daga zangon farko har ranar da zai fita.

Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, ta saba gindaya sharaɗin cewa ɗalibin jami'a ya kasance yana aji biyu ko sama da haka, yana karatu na cikakken lokaci, kuma makinsa bai gaza 4.0 cikin 5.0 ba. Ma'anar 4.0 ita ce, idan aka daidaita dukkan kwasa-kwasan, kowane ya tashi a B. Duk C ɗaya da ɗalibi ya samu sai ya nemo A a kwas mai nauyi iri ɗaya kafin ya koma daidai.

A ɗauki ɗalibin da ya gama aji ɗaya da 3.0. Wannan ba faɗuwa ba ce, a gida ma za a iya cewa ya yi ƙoƙari. To amma idan kwasa-kwasan aji biyu sun yi daidai da na aji ɗaya wajen nauyi, ba zai kai 4.0 a ƙarshen aji biyu ba sai ya ci A a kowane kwas, ba tare da ya kuskure ko ɗaya ba. Wanda ya gama da 3.5 yana buƙatar 4.5 a shekara ta biyu, makin da ake bai wa masu digiri mai daraja ta ɗaya. Ko da ya yi wannan bajinta, wasu ƙofofin sun riga sun rufe, domin akwai tallafin da ba a nemansa sai a aji biyu kaɗai.

Abin takaicin shi ne, shekarar farko ita ce ta fi kowacce tangal-tangal. A cikinta ne yaro ke makarar rajista saboda ana jiran albashi ya shigo. A cikinta yake neman ɗaki, yake koyon dafa wa kansa abinci, yake zama a bayan babban ɗakin lacca inda muryar malami ba ta kaiwa. A cikinta ne kuma ake yin darussan gama-gari, irin su Turanci da ilimin kwamfuta, waɗanda ɗalibai ke rainawa suna cewa ba su shafi fanninsu ba, alhali makinsu na shiga lissafi kamar na kowane kwas. Uban da ya jinkirta kuɗin rajista da mako huɗu a zangon farko yana ganin ya ɗan samu sararin numfashi, bai san cewa gwajin tsakiyar zango da yaron ya rasa zai iya jawo asarar abin da ya ninka kuɗin sau da yawa ba.

Me ke hannun gwamnatin tarayya?

A watan Yulin 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin tallafin. Ɗaliban digiri na farko da na babbar difloma da na shaidar malanta ta NCE sun tashi daga Naira 300,000 zuwa 450,000 a shekara, masu digiri na biyu sun koma 600,000, masu digiri na uku kuma 750,000. Ma'aikatar ta ce za a fifita fannonin kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi da likitanci da kashi 70 cikin ɗari, kuma an keɓe kashi biyar ga ɗalibai masu buƙata ta musamman.

Wannan ya biyo bayan dakatar da shirin tura ɗalibai ƙasashen waje ƙarƙashin yarjejeniyar ilimi da ƙasashe irin su Maroko da Rasha da Aljeriya da Hungary, wanda ministan ya sanar kafin nan a cikin shekarar, bayan an daɗe ana jin koken ɗaliban da ke can a kan alawus ɗin da ba ya zuwa a kan kari. Hujjar gwamnati ita ce kuɗin zai fi amfani a cikin gida. Ko an yarda da hujjar ko ba a yarda ba, sakamakonta ga ɗalibin Lafia a bayyane yake: kason da ke gabansa ya ƙaru, mafarkin fita waje da kuɗin gwamnatin tarayya kuma ya ja baya.

Bai kamata a ɗauka abin ya wadaci kowa ba. Ma'aikatar ta yi maganar ɗalibai 15,000 da 'yan kai a zagayen 2025 zuwa 2026, a ƙasar da kusan mutum miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB a shekara. Cika sharaɗin maki yana kai ɗalibi ne kawai ga jarrabawar tantancewa da ake yi ta kwamfuta. Sannan a sanarwowin da hukumar ta saba fitarwa, ɗaliban babbar difloma ake ambata, ba na ƙaramar difloma ba. Don haka ɗalibin Kwalejin Isa Mustapha Agwai da ke shekararsa ta farko ko ta biyu yana gina makin da zai yi masa amfani ne nan gaba, idan ya dawo yin babbar difloma.

Hukumar tana da wani tallafin na daban ga masu karanta fannin koyarwa a jami'o'i da kwalejojin ilimi, wanda ba kasafai ake maganarsa ba. Ya shafi ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Akwanga da masu digirin koyarwa a jami'o'in jihar.

Kamfanoni da gidauniyoyi

Daga ɓangaren 'yan kasuwa, kamfanonin mai su ne suka fi daɗewa a wannan fage. Haɗin gwiwar NNPC da Chevron da kuma na NNPC da TotalEnergies suna bayar da tallafi ga ɗaliban jami'a daga ko'ina a ƙasar, kuma 'yan aji biyu suka fi nema. Shirin Agbami ya karkata ga masu karatun likitanci da injiniya a shekarunsu na farko. Kamfanin iskar gas na NLNG yana da nasa. Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, PTDF, wanda na gwamnati ne kuma aka kafa tun 1973, yana ɗaukar nauyin ɗalibai a jami'o'in cikin gida a fannonin da suka shafi mai da iskar gas. Gidauniyar MTN kuwa tana jiran ɗaliban kimiyya da fasaha ne a aji uku, da maki 3.5 zuwa sama, tana kuma da wani shiri na musamman domin ɗalibai makafi.

A Arewa an daɗe da ɗaukar tallafin kamfanonin mai a matsayin rabon mutanen Neja Delta. Gaskiya ne wasu kamfanonin suna keɓe kaso ga al'ummomin da suke haƙo mai a ƙasarsu, amma akwai kaso na biyu na cancanta wanda kowane ɗan Najeriya zai iya nema, kuma ɗalibin ilimin sinadarai ko na duwatsu da ke Gandu yana da haƙƙi a cikinsa daidai da takwaransa na Fatakwal. Wanda bai cike fom ba ne kawai ya fitar da kansa. Sai dai a lura, yawancin kamfanonin ba sa bai wa wanda ke cin wani tallafin makamancin nasu, kuma suna neman sakamakon kowace shekara kafin su ci gaba da biya. Makin da ya kawo tallafi, idan ya faɗi, da tallafin yake tafiya.

Ga kuma wani kuskure da ake yawan ji har a ofisoshin gwamnati: asusun TETFund ba ya biya wa ɗaliban digiri na farko kuɗin makaranta. Aikinsa gine-gine ne da kayan aiki da bincike da ƙaro karatun malamai. Duk wanda ya zo da fom yana cewa na tallafin TETFund ne ga ɗan aji biyu, to a bincike shi da kyau.

Inda aka fito, ba inda ake zaune ba

Tallafin jihohi shi ne mafi sauƙin sharaɗi, domin yawanci ba ya neman babban maki, kuma tarihinsa ya koma har zamanin Jihar Arewa, lokacin da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ke ɗaukar nauyin ɗalibai domin samar da ma'aikata. Jihar Nasarawa tana da hukumarta ta bayar da tallafin karatu a Lafia, mai kula da ɗaliban ƙananan hukumomi 13 na jihar. Mabuɗin shiga shi ne takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma.

A nan ne ma'aikacin tarayya ke gamuwa da cikas. Mutumin da ya fito daga Katsina ko Yobe, ya yi shekara ashirin yana zaune a Mararaba, ya haifi 'ya'yansa a can, suka yi firamare da sakandare a can, suka samu gurbi a Lafia, a wurin hukumar tallafi 'ya'yan nan ba 'yan Nasarawa ba ne. Rabonsu yana jihar da kakansu ya fito, jihar da wataƙila ba su taɓa kwana goma a jere a cikinta ba. Kafin su samu sai an je ƙaramar hukumar asali an karɓo takarda, sau da yawa da sa hannun mai unguwa ko hakimi, sannan a riƙa bibiyar sanarwar da ake yi a gidan rediyon wata jiha mai nisan ɗaruruwan kilomita.

Abin ya fi ɗaukar hankali idan aka tuna tarihin Lafia kanta. Gari ne da Barebari suka kafa ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari, kuma a yau Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani duk suna zaune a cikinsa da kewayensa. Garin da zuwan baƙi ya gina, yau takarda ce ke tantance wane ne ɗan gida a cikinsa. Ba Nasarawa kaɗai ke da wannan tsari ba, haka yake a kowace jiha, kuma babu alamar zai sauya nan kusa. Abin da ya rage wa uba shi ne ya karɓo takardar tun yaro yana aji ɗaya, a lokacin hutun Sallah ko wata ziyarar gida, maimakon ranar da aka ce saura kwana biyar a rufe karɓar fom. Ko tallafin tarayya da na kamfanoni ma suna neman wannan takarda.

NELFUND bashi ne

Hanyar da ta fi kowacce faɗi a yanzu ba tallafi ba ce, lamuni ne. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin karatu a watan Yunin 2023, amma dokar farko ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: kuɗin shigar iyali kada ya kai Naira 500,000 a shekara, sannan a kawo mutum biyu masu tsaya wa ɗalibi daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati ko lauyoyi ko alƙalai. Da an tafi a haka, da 'ya'yan ma'aikata da yawa ba su cancanta ba, iyayen kuma da sun sha roƙon sa hannu daga 'yan uwa da maƙwabta. An soke dokar aka sake sabuwa a ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗan, sannan asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a ranar 24 ga Mayu na shekarar.

Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma bai wa ɗalibin da ya nema Naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye Musulmi da yawa. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Ba a neman 4.0, ba a neman takardar asali domin a fifita wani a kan wani.

Akwai masu ƙyamar bashin gaba ɗaya, akwai kuma masu ɗaukarsa kamar rabon ganima da ba za a taɓa tambaya ba. Dukkansu sun kauce. Doka ce ta kafa shi, kuma sunan ɗalibi da lambobinsa na ƙasa da na banki suna rubuce. Amfaninsa mafi girma shi ne a shekarar farko: ɗalibin da bashin ya sa ya zauna a aji maimakon fita neman abin sawa a baki, ya fi kusa da makin da zai kawo masa kyautar da ba a biya. Amma sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibi a shafin asusun kafin ya iya nema, kuma kuɗin kan iso bayan an rufe rajista. A 2025 an yi ta ƙorafi a faɗin ƙasa cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba tare da sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Uban da ya biya rajista da aljihunsa kafin kuɗin asusun su shigo, ya adana rasit ɗinsa, domin da shi za a nemi a mayar masa.

Takardu ma suna kayar da ɗalibai masu ƙwazo ba tare da sun sani ba. Duk waɗannan hanyoyi ta intanet ake nemansu, kuma kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne ba. Ɗalibin da sunansa a JAMB ya zo da sunan mahaifi, a lambar NIN ya zo da sunan kaka, a BVN kuma aka rubuta wata ranar haihuwa daban, zai iya cike fom goma ba a kira shi ko sau ɗaya ba. Gyaran suna a hukumar NIMC yana ɗaukar lokaci da kuɗi. Haka nan ɗalibin da ya bar mai shagon intanet ya buɗe masa adireshin imel da lambar wayar shagon, saƙon gayyatar jarrabawa zai tafi inda ba zai gani ba. Neman tallafin hukumar tarayya da na manyan kamfanoni kyauta ne. Saƙon WhatsApp da ke neman a tura Naira dubu biyar domin a saka suna cikin jerin waɗanda suka yi nasara, aikin 'yan damfara ne.

Aikin da ke jiran hadimai

Hadiman 'yan majalisa da na ministoci sun san yadda buƙatun kuɗin makaranta ke cika wayoyinsu a farkon kowane zango. Abin da aka saba shi ne maigida ya biya wa mutum goma ko ashirin, a ɗauki hoto, sauran su jira baɗi. Ofishin mazaɓa da zai ajiye kwamfuta biyu da ma'aikaci ɗaya mai bibiyar sanarwar hukumar tarayya da ta PTDF da ta kamfanoni, yana duba takardun ɗalibai kafin su tura, yana shirya musu gwajin jarrabawar kwamfuta, zai iya jawo wa mazaɓar kuɗin da ya fi wanda ake rabawa a ambulan. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya ɗaukar hoto mai kyau.

Akwai kuma wata dama da ta keɓanta da Nasarawa, jihar da ke yi wa kanta kirari da gidan ma'adinai. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa duk mai lasisin haƙar ma'adinai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen da zai yi aiki a ƙasarsu kafin ya fara, kuma tallafin karatu da koyon sana'a suna cikin abubuwan da dokar ta ambata a fili. A 2024 an buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam a Ƙaramar Hukumar Nasarawa, a watan Maris na 2023 kuma NNPC ta fara haƙar rijiyar neman mai ta Ebenyi a Ƙaramar Hukumar Obi, maƙwabciyar Lafia. Kamfanonin mai na Kudu ba su fara bayar da tallafi don tausayi kawai ba, al'ummomin yankin sun yi shekaru suna matsa musu.

Hadimin da maigidansa ke wakiltar yankin da ake haƙar ma'adinai zai iya neman kwafin yarjejeniyar daga Ma'aikatar Ma'adinai da ke Abuja, ya duba ko an rubuta tallafin karatu a ciki, gurbi nawa ne a shekara, wa ke zaɓen ɗaliban, kuma ɗalibai nawa ne daga yankin da ke karatu a Lafia da Keffi da Akwanga suka taɓa karɓa.